Jinjina ga Masu Gwajin Ruwan Famfo

Ruwa kan fito garai-garai daga famfo alhali yana ɗauke da kwalara ko taifot. Masu bankaɗo wannan su ne ma'aikatan ɗakin gwaji, bayin Allah da ba a cika jin sunansu ba. Sai sun tsabtace bakin famfo, sun bar ruwan ya ɗan zuba, sannan su ɗiba a kwalba su sa cikin ƙanƙara. Su tace mililita 100, su ajiye matatar cikin ɗumi kwana guda, su ƙirga abin da ya tsiro. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba sassauci: ko ƙwayar cutar E. coli ɗaya kada a gani. In an gani, haka za su yi ta bin bututu unguwa-unguwa, cikin rana, har su iske inda ya fashe cikin kwata.