Hannu a Kan Marar Mai Jego

Da jariri ya tsanyara kukan farko, hankalin kowa kansa yake komawa. A ƙauyen Kunduru ma haka ne: ana barka, ana tambayar namiji ne ko mace. Ƙwararriyar ungozoma kuwa idonta na kan uwar, don ta san zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen ɗauke mata masu haihuwa, kuma galibi a sa'o'in farko take ɓarna.

Da mabiyiya ta faɗo, sai ungozomar ta ɗora tafin hannu daidai cibiya ta danna. Mahaifar da ta tsuke za a ji ta dunƙule da tauri kamar goruba. In ta ji ta yi laushi, to hanyoyin jinin da mabiyiya ta bari suna buɗe ke nan. Nan take ta shiga murzawa, mai jego na cije baki tana cewa "Malama, a hankali", ita ko ba ta fasawa. Kowane minti 15 sai ta sake dubawa, ta auna bugun jijiya.

Inda aikin ya daɗe yana tuntuɓe shi ne awon jinin. Ido maƙaryaci ne: zane ya tsotse, katifa ta shanye, tsofaffi kuma na gefe suna cewa a bari dattin ciki ya fita. A nan binciken jami'a ya yi rana. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, na cikin jagororin gwajin E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Dabarar ba tsada: leda ce mai aljihu da layukan awo, a shimfiɗa ta ƙarƙashin mai haihuwa. Jini ya kai mililita 500, babu jiran a ga abin da hali zai yi. Murza mahaifa, allurar tsuke ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa da duba ko an samu yagewa, duk a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Ledar ba ta murza mahaifa, sai hannun da aka horar. Irin wannan hannu makarantar ungozoma ta Malumfashi da ta kiwon lafiya ta Kankiya suke yayewa, kuma shi ake buƙata a ƙauye, inda neman mota cikin dare zuwa babban asibitin Kankiya kan ci lokacin da mai zubar jini ba ta da shi.