KUNNE MA YANA TSUFA: SHARHI A KAN SAUYIN SHA'AWAR WAƘA

A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, gardama ta kaure tsakanin dattawanmu da matasa a kan waƙa. Dattawa suka ce waƙa ta mutu tun ranar da Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, matasa kuwa suka ce tsufa ne kawai ya toshe wa dattawa kunne. Ni da nake tsaka-tsaki, na ga ya dace in tofa albarkacin bakina.

Lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito ina saurayi. A wancan zamani babu abin da ke shiga kunnena sai kiɗan fiyano da waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda ko kalma biyar ban fahimta ba a cikinsu. Idan mahaifina ya kama tashar da ake sa Narambaɗa, sai in sulale in bar masa zauren, don a ganina surutun tsofaffi ne kurum. Yau ga ni na haura arba'in, kuma Narambaɗan nan shi nake saurare idan na dawo daga makaranta. To, me ya sauya, waƙar ko kuwa ni?

A nawa nazarin, saurayi da jikinsa yake jin waƙa. Kiɗa da zaƙin murya su ne ke fara kama shi, sannan jigon soyayya, domin ita ce damuwarsa. Magidanci kuwa kalma yake bi. Sai da na fara koyar da waƙar baka, na karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, sannan na lura da yadda makaɗin fada ke kafa gindin waƙa, ya riƙa jero ɗiya, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarawa. Bakandamiyar Narambaɗa ba ta buɗe wa mutum ƙofa sai ya san Gobirci da sarautar Isa, ya kuma iya rarrabe zambo da habaici. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Shi kuwa Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ban gane nauyin waƙoƙinsa a kan zaman aure da wahalar talaka ba sai da na ajiye iyali, na san ciwon cefane. Ashe wata waƙar jiran mutum take yi har rayuwa ta kawo shi inda take.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Akwai kuma begen ƙuruciya, wanda mu manya muke yi wa laƙabi da hikima. Har gobe idan na ji waƙar Sangaya sai zuciyata ta motsa, alhali da na zauna na rubuta baitocinta a takarda, ban sami abin nazari mai yawa ba. Abin da nake ji shi ne ƙamshin shekarun da ban san biyan kuɗin haya ba. Ina kyautata zaton wasu daga cikin masu kukan mutuwar waƙa, samartakarsu suke wa kuka. Mu tuna, shi kansa Shata akwai manyan da suka ɗauki kalangunsa a matsayin kiɗan 'yan duniya, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Saboda haka bai kamata mai sharhi ya mai da shekarunsa ma'auni ba. Sa'ad da ɗalibaina suka rikice a kan Jarumar Hamisu Breaker a 2020, na so in yi tsaki, sai na tuna zauren mahaifina. Abin da ya dace shi ne a cire kiɗan, a ajiye kalmomin a kan takarda, a duba jigo da salo da sarrafa harshe. Idan aka yi haka za a ga cewa a cikin mawaƙan fiyano akwai irin su Aminu Ala, waɗanda baitinsu ke tsayawa da ƙafarsa, kamar yadda a cikin makaɗan da ma akwai waɗanda roƙo kawai suke yi da ganga.

Daga ƙarshe, kira nake ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Mai karanta littafinka yana ɗan shekara 18, wata rana zai kai 45, kuma zai iya sake ɗaukar littafin. Ka ba shi abin da zai ja shi yau, amma ka ajiye masa wani abu a ƙasa wanda zai tono idan furfura ta fito. Allah Ya sa mu dace, amin.