Gatari Sai da Mai Shi: Bitar Littafin An Ax to Grind na Bernie Weisgerber

A shekarar 1999 Hukumar Gandun Daji ta Amurka ta fitar da wani ɗan littafi mai shafuka kusan 60 wanda daga farkonsa har ƙarshensa zancen gatari ne. Sunansa An Ax to Grind, marubucinsa Bernie Weisgerber, kuma cibiyar fasahar hukumar da ke Missoula a jihar Montana ce ta wallafa shi tare da bidiyo mai suna iri ɗaya. Weisgerber a lokacin ma'aikacin hukumar ne, gyaran tsofaffin gine-ginen da aka yi da gungumen itace shi ne sana'arsa, don haka gatari abin aikinsa ne na yau da kullum. Wannan ya fito fili a kowane shafi. Mutum ne da hannunsa ya yi kanta a kan ƙota kafin ya ɗauki alƙalami.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya kai hukumar gwamnati ga rubuta littafin gatari a zamanin da zarto mai inji ya cika ko'ina? Amsar tana cikin wata doka da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964, wadda ta keɓe wasu dazuzzuka ta hana amfani da inji a cikinsu. A daji irin Bob Marshall da ke Montana, mai faɗin fiye da eka miliyan ɗaya, idan iska ta kayar da bishiya ta tare hanya, da gatari da zarton hannu ake kawar da ita. A lokacin da aka rubuta littafin, tsofaffin ma'aikatan da suka ƙware suna ta yin ritaya, sababbi kuwa sun tashi ba su taɓa sa wa gatari ƙota ba. Littafin ya zo ne don kada ilimin ya tafi tare da masu shi.

Abin da ya sa nake ganin littafin ya cancanci bita ga masu sha'awar kwanan daji, da mafarauta, da matasan da ke fita zango, shi ne darasin da ya ratsa shi gaba ɗaya: ingancin gatari ba a kanti ake sayo shi cikakke ba, a hannun mai shi yake kammaluwa. Kanti zai ba ka ƙarfe da itace. Zaman ƙota daidai, da kaifin da ke cin itace ba tare da zamewa ba, da daɗewar shekaru, duk aikinka ne.

Babin farko tarihi ne, kuma yana da daɗin karatu. Weisgerber ya nuna yadda gatarin da Turawa suka ƙetara da shi Amurka ya kasance marar nauyi a ƙeya, yana rawa a hannu idan an kai sara. Da suka fuskanci manyan dazuzzukan sabuwar ƙasar, maƙera suka riƙa ƙara ƙarfe a bayan idon gatarin har nauyin ƙeya ya daidaita da na baki, sara ya riƙa sauka inda aka nufa. Daga nan kowane yanki ya ƙera siffar da ta dace da itatuwansa, aka samu siffofi masu sunayen wurare kamar Jersey da Michigan da Dayton da Connecticut. Akwai mai baki biyu na masu saran katako, akwai kuma Pulaski na masu kashe gobarar daji, gatari ta gefe ɗaya, magirbi ta ɗaya gefen, wanda ya ci sunan Ed Pulaski, jami'in gandun dajin da ya tserar da mafi yawan mutanensa a babbar gobarar 1910. Amfanin wannan babi ga mai neman ƙaramin gatari shi ne yana koya masa cewa babu siffar da ta zo haka kawai. Bakin da ya yi siriri na sara ne, mai kumatu masu kauri na faskare ne, kuma wanda ya san aikin da zai yi a daji ya gama rabin zaɓi.

Zuciyar littafin ita ce babin sa ƙota da washi, kuma a nan ne gwanintar marubucin ta fi bayyana. Itacen hikori ya zaɓa, saboda ƙarfinsa da yadda yake shanye girgizar sara. Ya ce a duba jijiyar itacen ta ƙarshen ƙotar: layukanta su bi tsawon bakin gatarin, kada su gitta shi, domin ƙotar da jijiyarta ta gitta ita ce ke karyewa rana tsaka. Man sheƙin da masana'antu ke shafa wa ƙota don ta ja idon mai saye, a kankare shi da sanfefa, saboda yana sa santsi idan hannu ya yi gumi, yana kuma tayar da bororo a tafi. Sai a shafa man linsid ya shiga cikin itacen. Wajen shigar da ƙotar cikin ido, a riƙa goge ta da magagari kaɗan-kaɗan, ana gwadawa ana cirewa, har ta zauna ba wata kafa, a hango daga bakin gatari zuwa ƙarshen ƙota a tabbatar sun yi layi ɗaya, sannan a buga wejin katako a tsagar da ke samanta. Wejin ƙarfe bai kwanta masa a rai ba, don yana tsaga jijiyar itacen. Hotunan da ke tafe da bayanin suna bin aikin mataki-mataki, har wanda bai taɓa yi ba zai iya ajiye littafin a gefe yana dubawa yana yi.

Haka ma batun washi. Magagari ne farko, da safar hannu ta fata da kariya tsakanin yatsu da kaifi, sai dutsen washi mai zagaye, ɓangaren garjejen kafin mai laushin, sannan a goga bakin a kan fata don cire ɗan zaren ƙarfen da ke maƙalewa a kaifi. Bakin ya fita da ɗan tudu a kumatu, kada ya zama shafal kamar na wuƙa, domin tudun nan ne ke ba kaifi ƙarfi, shi ne kuma ke watsar da ɓarɓashin itace ya hana gatari maƙalewa. Gargaɗin da ya fi muhimmanci shi ne na injin washi na lantarki. Gudunsa yana ɗumama bakin har ya canza launi, kuma da zarar ya yi shuɗi, taurin da maƙeri ya ba shi da wuta da ruwa ya tafi. Minti ɗaya na gaggawa sai ya lalata ƙarfen da ya yi shekara hamsin yana aiki. Hausawa sun ce a riƙa sara ana duban bakin gatari, kuma wannan babi ya koya wa mai karatu ainihin abin da zai duba.

Na yaba da yadda littafin ya ɗauki kulawa da gatari a matsayin maganar tsaron lafiya. Dakusasshen gatari ya fi mai kaifi hatsari, domin maimakon ya nutse cikin itace sai ya zame ya nufi ƙafa. Ƙeyar gatari ba guduma ba ce: buga ƙarfe da ita yana buɗa ido, kan ya fara girgiɗi, wata rana ya fita ya bar ƙota a hannu. A share rassa da ciyawa a kewaye kafin a ɗaga hannu. A sa kube idan ba a aiki. A riƙe shi a gefe idan ana tafiya, bakin yana kallon waje, kada a saɓa shi a kafaɗa. Har tsumman da aka shafa man linsid da shi an yi gargaɗi a kansa, domin idan aka cukuikuye shi aka jefar yana iya kamawa da wuta da kansa.

Sai dai littafin yana da giɓi, kuma mai neman ƙaramin gatarin zango shi ne zai fi jin sa. Hankalin Weisgerber yana kan babban gatari na hannu biyu, na kayar da bishiya da sassaƙa gungume. Ƙananan gatura sun samu ɗan gurbi ne kawai, alhali su ne mafi yawan mutane za su saya. Gatarin zango kansa bai cika wuce rabin kilo da ɗan ɗori ba, ƙotarsa kuma tsakanin santimita 30 zuwa 40 take, daidai fasa ƙirare, da feƙe turakun tanti, da datse busassun rassa. Ƙanƙantarsa ce ke yaudarar mutane su ɗauka ba shi da hatsari. Mors Kochanski, malamin zaman daji na Kanada, ya jaddada a littafinsa Bushcraft cewa gajeriyar ƙota ta fi doguwa hatsari ga wanda bai ƙware ba. Dalilin a fili yake: dogon gatari idan ya kuskure itace ƙasa yake samu, gajere kuwa gwiwa ko ƙwauri yake nufa. Maganinsa shi ne a durƙusa a yi aiki, a ɗora itacen a kan kututture, sannan wajen fasa ƙirare a haɗa bakin gatarin da itacen a ɗaga su tare a buga, maimakon a riƙe itace da yatsu ana auna shi. Da an ware wa wannan ko da shafi uku ne, da littafin ya cika.

Wanda ke son jin yadda ake zaɓen ƙaramin gatari da zuciya ɗaya, sai ya haɗa da littafin Woodcraft na 1884, na George Washington Sears, wanda aka fi sani da Nessmuk. Mutum ne ɗan ƙarami marar ƙarfin jiki da ya ratsa tafkunan Adirondack cikin kwalekwale marar nauyi, don haka kowane kaya sai ya auna shi kafin ya ɗauka. Ya sa an ƙera masa ɗan gatari mai baki biyu, ɗaya mai kauri don gaɓoɓin itace da ƙashi, ɗaya siriri don itace marar gaɓoɓi. Nessmuk ya koyar da zaɓe gwargwadon tafiya, Weisgerber ya koyar da riƙo bayan an zaɓa, kuma kowannensu yana cike abin da ɗayan ya bari.

Giɓi na biyu shi ne littafin Ba'amurke ne tun daga tushe. Gatarinsa mai ido ne, ƙota ke shiga cikin ƙarfe. Namu na gargajiya akasin haka ne, wutsiyar ruwan gatari ce ke shiga cikin kan ƙota, don haka batun weji bai shafe shi kai tsaye ba. Hikori kuma ba ya tsiro a ƙasarmu, masassaƙanmu da marke da aduwa da ire-irensu suke aiki. Duk da haka ƙa'idojin suna nan daram. Jijiyar itace iri ɗaya take karyewa a Montana da Katsina, kuma zafin injin washi yana kashe taurin ƙarfe ko daga masana'anta ya fito ko maƙeri ne ya ƙera shi daga sifirin mota. Akwai ma inda darasin ya fi mana amfani. Iskar hunturu tana busar da ƙota ta tsuke, kan gatari ya saki, sai a tsoma shi cikin ruwa ya kwana. Itacen zai kumbura ya kama na ɗan lokaci, amma matsin yana murƙushe jijiyarsa, idan ya sake bushewa sai ya fi da sakewa. Mai da inuwa da gyaran zama su ne maganin da ke ɗorewa.

Jerin kamfanoni da wuraren sayen kaya da ke ƙarshen littafin ya tsufa, kuma hukumar da kanta ta fitar da sabon littafi mafi girma a 2020, One Moving Part na Bob Beckley. Amma shawarar da tsohon littafin ke cusa wa mai karatu ba ta tsufa ba: tsohon kan gatari mai kyawun ƙarfe, ko da tsatsa ta rufe shi, idan ba shi da tsaga kuma idonsa bai buɗe ba, ya cancanci a goge shi a sa masa sabuwar ƙota. Da tsohuwar zuma ake magani. A lokacin da kasuwanni suka cika da ƙananan gatura masu ƙotar roba da ake jefarwa idan sun karye, wannan tunani ne mai daraja, yana tsimin kuɗi, yana kuma maido wa mutum sanin kayan aikinsa.

Hukuncina shi ne An Ax to Grind ya yi abin da aka rubuta shi dominsa, ya kuma wuce. Gajere ne, harshensa mai sauƙi ne, hotunansa suna koyarwa, kuma da yake na gwamnati ne ana samun sa kyauta a intanet. Wanda zai sayi gatarin zango ya karanta babin ƙota da washi kafin ya je kasuwa, domin zai san ya juya ƙota ya dubi jijiyarta, ya hango miƙewar baki, ya girgiza kai ya ji ko yana motsi, ya kuma tambayi kube. Malaman 'yan sikawut da shugabannin ƙungiyoyin matasa masu fita daji su koyar da shi tare da darasin durƙusawa da ya bari. Babban burina kuwa shi ne a samu wani daga cikinmu ya zauna da maƙera da masassaƙa da 'yan faskare, ya rubuta wa gatarinmu irin wannan littafi da Hausa, tun masu ilimin suna raye suna iya nunawa da hannunsu.