Waya Ta Tara Jama'a, Wa Zai Rubuta Labarinsu?

A farkon Agustan 2024 matasa suka fito titunan Dutsin-Ma, a zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi ta yayatawa a Facebook da TikTok da WhatsApp. Nan da nan gwamnatin Katsina ta sa wa garin dokar hana fita ta awa 24. Waya ta tara jama'a, amma abin da ta bar mana guntayen bidiyo ne kawai, ihu da guje-guje, ba a san damuwar kowa ba.

A nan muke ganin laifinmu, mu marubuta. Ciwon ya girmi wannan rana. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi saboda 'yan bindiga, manomi ya kasa kiran ɗan'uwansa, balle ya kai kukansa duniya. Duk da haka yawancin labaran da muke turawa zaurukan WhatsApp ba su wuce soyayyar 'ya'yan masu kuɗi ba. Idan ba mu rubuta labarin uwar da ta kwana tana jiran ɗanta ya dawo daga titi ba, jikokinmu za su ji an yi zanga-zanga, su rasa sanin abin da ya fito da mutane.