Kunnen Makaniki a Cinikin Tsohuwar Hiace

A Damagaram, mai kuɗi ƙalilan da ke son motar haya ba sabuwa yake nema ba. Abin da aljihunsa zai kai shi ne Toyota Hiace wadda ta gama aiki a Turai, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,500 kafin ta ga Zinder. Ko kuma wadda ta riga ta sha hannu biyu ko uku tsakanin Magarya da Matamai. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka karkata ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya hau. Sai mutane da yawa suka koma sayen ta hannu a cikin gari. A nan ne ake gane darajar tsofaffin makanikai da direbobin da suka ajiye sitiyari, waɗanda ake ɗauka a tafi da su duba mota.

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne, gwanin ba ya damuwa da lambar kilomita. Ya san ana mayar da ita baya. A ƙasar da Sarki Tanimu ya yi suna da dawaki, ba a tambayar dillali shekarun doki, baki ake buɗewa a duba haƙora. Haƙoran mota su ne robar birki da ta kuloci da ƙafa ta cinye, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa. Idan allo ya nuna 150,000 amma ƙarfen kuloci ya fito fili yana ƙyalli, to an gama magana. Kuma yawan tafiya shi kaɗai ba aibu ba ne a wurinsa. Motar da ta yi kilomita 400,000 a kan kwalta ana canja mata baƙin mai kan lokaci ta fi wadda ta yi rabin haka tana jigilar buhunan wake a hanyar Dungas.

Ba ya yarda a tayar masa da mota kafin ya iso. Zai ɗaga kujerar gaba, don injin tsohuwar Hiace a ƙarƙashinta yake, ya ɗora bayan hannu a kai. In ya ji ɗumi, sai ya yi murmushi ya ce wa mai ita, "Alhaji, a bar ta ta kwana, gobe da asuba ma tashe ta." Injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa, mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Da safen zai sa yaro ya murɗa makulli, shi kuwa ya tsuguna a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai ke nan. Fari mai yawa wanda ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ana zargin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa bai cika tayar masa da hankali ba, sau da yawa aikin nozul ne ko matatar iska, abin da ake gyarawa ba tare da an sauke inji ba.

Sannan ya zo wurin da na fi jin daɗin kallo. Injin na aiki, sai ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. In murfin ya zauna yana ɗan rawa, lafiya lau. In yana tsalle, hayaƙi na huci daga ciki, zoben fistan ya gaji, kuma kuɗin gyaran na iya cinye ribar wata da watanni. Ya juya murfin ya duba cikinsa ko akwai farin maiƙo, alamar ruwa ya haɗu da mai. Ya murza man tsakanin yatsu biyu: in ya yi kauri fiye da kima, wani ne ya zuba don ya kashe ƙarar inji. Tun kafin a tayar ya riga ya buɗe lagireto, yanzu sai ya leƙa ko kumfa na tasowa. Wannan ba wasa ba ne a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Motar da ke tafasa a cikin gari ba za ta kai Tanut da lodi ba, balle Agadas.

Zaɓin injin ma da hikimarsa. Tsofaffin injinan dizal irin su 2L da 3L da 5L ba su da ƙarfin a-zo-a-gani, amma ba su dogara da kwamfuta ba, makanikin ƙauye zai kwance su a gindin bishiya, kayan gyaransu kuma ana samu a Zinder, in an rasa a aika Kano. Sharaɗinsu ɗaya: bel ɗin taimin ana canja shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke a guje yakan tafi da bawul. Don haka gwani ba ya tambayar yaushe aka canja, cewa yake a sa sabo a lissafin ciniki. Na fetur, 1RZ da 2RZ, sarƙa gare su, ba su da wannan fargaba. Sababbin masu lantarki sun fi gudu da tsimin mai, sai dai ba sa haƙuri da gurɓataccen mai na bakin hanya, kuma ranar da suka ƙi tashi a daji sai an nemo mai na'ura.

Fenti ba ya ruɗarsa, hasali ma sabon fenti ƙara masa zargi yake. Zai shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila. Motar Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke cin ƙasanta, ta gida kuwa lodi ne ke karya ta: sai ka ga an ƙara ganyen sifirin a baya, ko an yi walda a shasi an shafe da baƙin fenti. Kujera yagaggiya, gilashi tsagagge, ƙofar da sai an doka, duk waɗannan abin rage kuɗi ne kawai. Shasin da aka ɗinke kuwa, tashi yake ya kaɗe riga.

Bayan gwaji a hanya, inda yake jin giya da birki da ko kuloci na zamewa a hawa, sai takardu. Lambar da ke jikin shasi ta dace da ta takardar mota harafi da harafi, shaidar biyan duwan ta cika, musamman ga wadda ta shigo ta Najeriya ko Libiya. Arahar da ba takarda a shingen farko take ƙarewa.

Shawararsa ta ƙarshe ita ce wadda masu saye suka fi ƙin ji: kada a zuba duk abin da ke hannu a kuɗin mota. A rage na taya, da batir, da bel, da wanke lagireto, da canjin mai gaba ɗaya. Gara mummunar mota da canji a aljihu da kyakkyawa wadda za ta kwana a gareji makon farko.

Mai shirin saye, ka nemi irin wannan mutum tun kafin ka ba da kafin alƙalami, ka tabbata ba shi da kamasho a wurin mai sayarwa, kuma ka biya shi ladan dubawa ko da ya ce maka kada ka saya.