Wa Ke Da Matsalar? Sharhi a Kan Matakin Fayyace Bukata a Cikin Ƙira Don Ɗan Adam

Masu iya magana sun ce tambaya rabin ilimi ce. Amma in tambaya ta karkace, amsa ma sai ta karkace, kome gwanintar mai amsawa. A kan wannan ne masu wata hanya ta ƙirƙiro kayayyaki da ayyuka, wadda ke sa ɗan Adam a gaba, suka kafa mataki na biyu na aikinsu. Nufin wannan takarda shi ne a auna matakin nan da ma'aunin nahawu, gama aiki ne na harshe tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Hanyar ta yi suna ta hannun kamfanin IDEO, wanda aka kafa a Amurka a 1991, da kuma makarantar ƙira da David Kelley ya shugabanci kafawa a Jami'ar Stanford. A can an kasa aikin kashi biyar: a zauna da mutane a ji abin da ke damunsu, a fayyace matsalar, a kawo dabaru, a yi ɗan samfuri, sa'an nan a jarraba. A mataki na biyu a kan umurci ɗalibi ya taƙaita dukan abin da ya gani ya ji cikin jimla guda mai gaɓa uku, watau wane ne mutumin, me ya ke bukata, kuma saboda me. Daga jimlar nan a ke ciro tambayar da za a yi aiki a kanta, wadda kullum ke farawa da cewa, yaya za mu yi mu yi kaza?

Bari mu fara da abin yabo. Masu hanyar sun ce a faɗi bukata da fi'ili, kada a faɗe ta da suna, kuma sun yi gaskiya. In an ce yarinya tana bukatar tsani, an riga an yanke magana, ba abin da ya rage sai neman kafinta. In kuwa an ce tana bukatar ta kai ga abin da ke bisa, to, ƙofa a buɗe ta ke, ko a kawo tsani ko a sauko da abin. A 2007 aka ba waɗansu ɗalibai a Stanford aikin ƙera akwatin renon bakwaini mai araha, domin na asibiti ya kan kai dala 20,000. Da ɗayansu ya je Nefal sai ya tarar yawancin jariran nan a ƙauyuka a ke haifarsu, nesa da asibiti da lantarki. Sai suka bar batun akwati suka koma kan yadda uwa za ta ɗumama jaririnta. Abin da ya fito shi ne Embrace, wata 'yar jaka mai ɗauke da wani irin kaki da ke riƙe ɗumi kusa da na jikin mutum har sa'o'i. Sauya suna da fi'ili shi ya haifi wannan.

To, amma akwai aibi uku da ya kamata a duba. Na farko, jimlar nan mai aiki ɗaya gare ta, alhali kuwa matsalar jama'a ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun 1973 Horst Rittel da Melvin Webber suka nuna cewa matsalolin zaman jama'a ba su da tsayayyar siffa guda, kuma wanda ya zaɓi yadda za a faɗe su ya riga ya zaɓi hanyar magance su. Dubi PlayPump, famfon da aka haɗa da lilon yara a Afirka ta Kudu, don ruwa ya riƙa hawa tanki sa'ad da yara ke wasa. A 2006 aka yi masa alkawarin dala miliyan 16.4 daga Amurka. Kafin 2010 sai rahotanni daga Mozambik suka nuna mata ne ke tura lilon da wahala, gama yara ba su wasa a lokacin da a ke bukatar ruwa, in kuma ya lalace sai ya yi watanni ba gyara. Ba da wannan hanya aka ƙera famfon ba, amma ya isa ishara: wanda ya sa yaro kaɗai cikin jimlarsa ya manta da mai ɗiban ruwa da mai gyara. Jimla mai gurbin mutum ɗaya tana sauƙaƙa irin wannan mantuwa.

Aibi na biyu yana cikin kalmar mu. In an ce yaya za mu yi, su wa a ke nufi? Turanci da Hausa duk ba su rarrabe ko mu ɗin ta haɗa da wanda a ke yi wa magana. Fulatanci kuwa ya rarrabe: enen ta haɗa da mai sauraro, minen ta fitar da shi. Da a ce da Fulatanci a ke rubuta tambayar nan, da tilas mai ƙira ya faɗi ɓangaren da ya tsaya. A yadda aka tsara matakan, da mutane a ke yin na farko da na biyar, na biyu kuwa a ɗaki a ke yinsa, bayan an rufe ƙofa, ana liƙa 'yan takardu a bango. Watau a daidai wurin da a ke yanke hukunci a nan mai matsalar ba ya nan. Ashe mu ɗin minen ce, ta sa rigar enen.

Aibi na uku shi ne ba a ba fassara haƙƙinta ba. Sau da yawa mai ƙira baƙo ne, ta bakin tafinta ya ke ji. Kowane ɗalibin Hausa ya san lafiya lau amsar gaisuwa ce, ko da mai faɗa yana kwance, kuma ba kome ta kan ɗauki kome da kome. Kunya ta kan hana mutum kushe kayan baƙo a gaban idonsa. Maganar da ta bi ta tafinta, ta shiga littafin baƙo, sa'an nan aka matse ta cikin jimla guda, an tace ta sau uku, kuma a kowane tata akwai abin da ya zube. Gaskiya ne masu hanyar suna horo da a lura da abin da mutum ke yi, kada a dogara ga abin da ya faɗa kaɗai. Gani ya kori ji, amma gani ma yana bukatar mai fassara.

Duk da haka ba a ce a yar da matakin ba, gyara ya ke so. A rubuta jimla ga kowane wanda abin ya shafa, a jera su, a ga inda suka yi karo. A rubuta su da harshen mutanen, a koma a karanta musu, a ba su ikon sokewa tun ba a taɓa guduma ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, bai kuwa kamata a hau rufin ba sai ya nuna wurin.