Daga Kasko zuwa Jinin Zomo

A unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa da ɗinkinsu da tsirensu, gidaje a cunkushe suke. Wanda ba shi da filin ɗaure tumaki yakan samu lungun da zai ajiye kejin zomaye. Ajiye keji ba wuya. Gwanintar mai kiwo tana bayyana ne a yadda yake sarrafa wake kafin ya shiga bakin ɗan zomo.

Ana yaye ɗan zomo yana da mako huɗu zuwa shida. An haife shi da ajiyar sinadarin ƙarfe a hantarsa, amma nonon uwarsa ba shi da wannan sinadari da yawa. Saboda haka lokacin yaye ajiyar ta ja baya, ga jiki yana girma da sauri. Ɓargonsa na buƙatar ƙarfe da furotin, wato sinadarin gina jiki, domin ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar jinin zomo kuwa kimanin wata biyu take rayuwa, rabin ta ɗan Adam mai kwana 120. Idan abinci ya gaza, jini ba ya jimawa zai nuna.

Nan wake yake shigowa. Farin wake irin wanda ake kawowa daga Marwa da Garwa yana da furotin wajen kashi 24 cikin 100, waken soya ya doshi kashi 40, gurjiya tana kusa da 20. Ɗan zomo kuwa kimanin kashi 16 yake nema a abincinsa. Sai dai ɗanyen wake yana ɗauke da makaman kare kansa. Akwai sinadarin da ke hana narkar da furotin. Akwai laktin, mai ƙuje bangon hanji, wanda a ɗakin gwaji yake dunƙule jajayen ƙwayoyin jini. Akwai kuma tanin da fayitet, masu riƙe ƙarfe su hana jiki tsotsarsa. Tun a 1917 masana biyu a Amurka, Osborne da Mendel, suka nuna cewa ɓeraye sun fi girma da dafaffen waken soya a kan ɗanye.

Gwanin mai kiwo yana farawa da faifai. Yana tsince tsakuwa, ya ware duk ƙwayar da ta yi fumfuna, domin Yawunde gari ne mai damina biyu da laima, kuma gubar fumfuna tana lalata hantar zomo. Sai ya jiƙa waken ya kwana. Da safe ya tsiyaye ruwan ya zubar, domin wani ɓangare na tanin ya fita a cikinsa. Ya zuba sabon ruwa, ya dafa kamar rabin awa bayan tafasa. Zafin nan ne ke karya laktin da mai hana narkewa.

Wani kuma kasko yake ɗorawa, ya zuba yashi mai tsabta domin zafi ya ratsa ko'ina, ya riƙa juyawa ba tsayawa. Idonsa na kan launi, hancinsa na kan ƙamshi. Da waken ya yi ruwan ƙasa mai haske, ya daina ƙarnin ɗanye, sai ya sauke. In ya yi saurin saukewa, laktin da mai hana narkewa suna nan. In ya bari ya ƙone, furotin ɗin ya rage amfani. Kamar mai tsire ne a bakin wuta: tazarar ɗanye da ƙonanne 'yar kaɗan ce.

Bayan an shanya ya bushe ƙarau, sai a ɓarza shi, ba a mayar da shi gari lis ba, don ƙura tana damun hancin zomo. A auna mudu ɗaya ko biyu cikin kowane mudu goma na haɗin dusa da masara, a sa ɗan gishiri. Harawa da ganyen dankali ba sa yankewa, saboda hanjin zomo ba ya aiki sai da abinci mai ƙaiƙayi. Sabon haɗi kuma kaɗan-kaɗan ake shigar da shi, har tsawon mako guda.

Sauran aikin na ido ne. Mai kiwo yana ɗaga leɓen ɗan zomo ya duba dasashi, ya ja fatar ido ya leƙa cikinta. Launin hoda mai jini-jini alamar lafiya ce. Fari fat alamar ƙarancin jini. Likitan dabbobi yakan ɗebi jini daga jijiyar gefen kunne ya auna: a lafiyayyen zomo, jajayen ƙwayoyi sukan kai kashi 33 zuwa 50 cikin 100 na jinin.

Mai gaggawa yakan watsa ɗanyen wake a keji ya kama gabansa, bayan 'yan makonni ya ga zomaye sun rame, ya ce annoba ce. Gwani ya san jiƙon dare ɗaya da wutar rabin awa sun fi kuɗin magani araha. Ya kai mai sha'awar kiwon zomo, kafin ka sayi keji, koyi sarrafa wake.